Yaron da Ba a Taɓa Jin Karatunsa Ba

A ƙauyenmu, can bayan Daudawa, da kunne ake auna karatu. In yaro ya zauna da allonsa, uban na zaure yana tufkar igiya ko yana hira, amma kunnensa ɗaya na wajen yaron. Muddin murya na tashi, lafiya lau. Da ta yanke, ba sai an leƙa ba, an san ko barci ya sace shi ko ya sulale harbin ƙadangaru. A karatun allo wannan ma'auni daidai yake, ba ni da ja, domin abin da harshe zai ɗauka dole harshe ya saba da shi. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne da aka ɗauko ma'aunin nan aka ɗora wa littafin boko, saura ƙiris a raba ni da makaranta ina tsakiyar karatu mafi kyau da na taɓa yi.

Ina aji bakwai a lokacin, shekarar da ake zana jarrabawar shiga sakandare. Wanda ya ci ya wuce, wanda bai zana ta ba kuwa shi ke nan, boko ya ƙare masa. Zamanin ne da arzikin man fetur ya fara leƙo karkara. Kowa ya sayi rediyo, ana ta sauke bunu ana buga kwano, wani ma ya sayi agogon hannu yana tare mutane a hanya su duba masa ƙarfe nawa. A cikin wannan hidima aka turo mana sabon malami, saurayi, fitowarsa ke nan daga kwalejin horon malamai, da wando mai faɗin ƙafa wanda in ya zagaya aji sau ɗaya ba sai an yi shara ba.

Ranar da ya fara shigowa ya tarar da mu muna rera littafin labarin ƙasa baki ɗaya, kamar kwaɗi bayan ruwan farko. Ya tsaya ya saurara har muka kai aya. Sannan ya nuna wanda ya fi kowa buɗe baki ya ce, "Rufe littafin. Me ka karanta yanzu?"

Yaro ya dubi rufin aji. Aka tambayi na kusa da shi, aka tambaye ni. Aji guda mun yi ihu har jemagu sun bar rufi, amma babu wanda ya san ko maganar kogi muke yi ko ta dutse.

Daga ranar ya kafa doka. Da ido za a karanta, baki a rufe. Ka ɗauki ɗan kaɗan, kada ya wuce abin da tafin hannu zai rufe. In ka gama ka kife littafin, ka tambayi kanka da Hausa me aka ce. Inda ka cije ka buɗe ka duba, ka sake kifewa. Gobe kafin ka taɓa sabo, sai ka fara tambayar kanka na jiya. Wanda aka ga leɓensa na motsi, a sa shi ya ciji fensir. Na ci fensir a makon farko har na fara jin ɗanɗanonsa a tuwo.

Amma fa abin ya yi aiki. Ni da nake kwana a shafi ɗaya in tashi ba komai, sai ga shi abu na zama a kaina kamar an dasa. Na fara gane cewa wahalar nan da mutum ke sha in ya kife littafi yana lalubo abin da ya karanta, ita ce karatun. Kallon shafi kuwa ko akuya ta iya. Ban daɗe ba na baro bayan aji na dawo cikin na gaba, Malam ya ce in na riƙe haka, sakandare tawa ce.

Sai na kai abin gida.

Akwai wata bishiyar ɗorawa a bayan gidanmu, nan nake zama bayan la'asar. Ina zaune ran nan sai inuwa ta rufe mini shafi. Baba ne, da fartanya a kafaɗa. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Kai, mi kake yi nan?"

"Karatu nake, Baba."

"Karatu." Ya karkata kai ya kasa kunne, kamar mai jiran kiran salla daga wani gari. "To ni ne kunnena ya mutu?"

"Da ido ake yi, Baba. A zuci."

"A zuci," in ji shi. "Madalla. Bari ni ma in koma ɗaka in kwanta in yi noma a zuci."

Da a ce ido na kan littafin kullum, da wataƙila na sha. To amma rabin lokacin littafin a kife yake, ni kuma idona a rufe, ina ƙirga abubuwa da yatsu, wani lokaci in yi tsaki, wani lokaci in yi murmushi ni kaɗai in na kamo abin da ya gudu. Inna ta leƙo ta kan danga ta ga haka, ba ta yi shawara da kowa ba ta yanke cewa iska ce, ai dama an san gindin ɗorawar nan ba kowa ke zama ba. Aka lulluɓe ni da zane aka turara mini hayaƙi har na koma kamar kifin da za a kai kasuwar Sheme. Kafin gari ya waye labari ya zagaya. Tsofaffi suna shigowa suna cewa, "Ya mai jiki?" Ina ce musu lafiyata ƙalau, su dubi Inna su girgiza kai, su ce ai haka suke cewa.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne ɗan maƙwabcinmu, ajinmu ɗaya. Allah Ya ba yaron nan maƙogwaro. In ya buɗe littafin Turanci a ƙofar gidansu, na rantse mutanen garin Sabuwa na iya gyara masa kuskure. Yana karatu yana rangaji, jijiyar wuya ta miƙe, kaji na watsewa. Ni na san shafi ɗaya yake maimaitawa tun damina, na san in ka tsayar da shi ka ce me ya ce, sai dai ya sake farowa daga sama. Amma duk wanda ya wuce sai ya ce, "Kai, yaron ga shina karatu! Allah Shi yi albarka." Har ƙuli-ƙuli ake ba shi. Ni kuwa hayaƙi.

Baba ba mai yawan magana ba ne, sau ɗaya ya faɗa. Kawu, ƙanen Inna, ya sayi babbar mota mai bodin katako yana jigilar hatsi da itace tsakanin Sabuwa da Funtuwa, yana neman yaron mota. Baba ya ce ya ba ni wa'adi zuwa buɗe kasuwar auduga. In bai ji karatu ba kafin nan, zan bi Kawu, domin ba zai cire hannu guda daga gona don a je a zauna gindin bishiya ana kallon takarda ba.

Na ce to, murya ake so, za a ji murya. Na dawo ƙofar gida na shimfiɗa buhu, na buɗe maƙogwaro muka shiga gasa da maƙwabci. Unguwa ta zama kamar masaƙa. Baba ya fara fara'a, Inna ta ce maganin ya kama. Ni kuwa in na tashi, kaina fayau, ba abin da ya rage sai ciwon wuya. Da aka yi gwajin mako na sulmiyo ƙasa. Malam ya dube ni ya ce, "Bakinka ya ruga da gudu ya bar kanka a baya. Ka koma ihu, ko?" Na ce a gida ne aka matsa. Ya ce, "Gida za su zana maka jarrabawar?" Shi ke nan taimakon da na samu daga wajensa. Shi ma ina da haushinsa, zan zo kansa.

Sai na raba abin biyu. In yi ihu a ƙofar gida don Baba, sannan in ce zan je duba gona, in shige tsakiyar auduga in yi karatun gaske. Satar karatu nake yi a gonar ubana, kamar mai satar rogo. Kuma kamar mai satar rogo aka kama ni. Baba ya ratso kunya ya same ni zaune, littafi a kife a cinya, ido a rufe, ina lissafa garuruwan da jirgin ƙasa ke bi. Washegari da hantsi ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a ya nufi makaranta, zai ji daga bakin wanda ya koya mini wannan lalaci.

Aka yi rashin sa'a ya iso daidai lokacin karatun zuci. Ya wuce aji ɗaya suna ihu, ya ji daɗi. Ya wuce aji uku suna ihu. Ya iso aji bakwai, ajin manya, waɗanda ake cewa su ne za su zama likitoci, ya ji tsit kamar an yi rasuwa. Ya leƙo ta taga. Yara cike da aji, wasu sun dafe kai, wasu ido a rufe, wasu da fensir a baki, Malam kuma na zaune a kan tebur yana kaɗa ƙafa.

"Salamu alaikum," in ji Baba, da muryar da ta sa kowa ya zabura. "Ashe ba nawa kaɗai ba ne. Duk garin aka kwantar."

Malam ya fito. "Sannu da zuwa, Baba. Lafiya?"

"Lafiya ita ta kawo ni, Malam. Tambaya gare ni. Aikin ga da gwamnati ta ɗauke ka, na koyarwa ne ko na raino?"

"Karatu suke yi, Baba."

"Wanne daga ciki? Wancan mai cin itace, ko wanga da ya tahi lahira?"

Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. To a nan ne nake jin haushin Malam. Abin da ya kamata ya yi ba shi da wuya. Ya kira ni, ya karɓe littafin, ya ce in gaya wa ubana da Hausa abin da na karanta. Da Baba ya ji da kunnensa, tunda kunnen ne alƙali. Amma ina! Yaro ne, an yi masa dariya a gaban ɗalibansa, sai ya gyara tsayuwa ya shiga zuba bayani rabi Hausa rabi Turanci, wai haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, wai binciken masana ne, wai mutanen karkara ba za su gane ba. Wannan ta ƙarshen ita ta gama da ni. Baba ya saurare shi har ya ƙare, ya ce, "Gaskiya ne, Malam, ba mu ganewa." Ya miƙo hannu ta taga ya yafuto ni. Ko kasuwar audugar ba a jira ba.

Haka na zama yaron mota. Littafi ɗaya na tsira da shi, na cusa a cikin riga.

Wanda bai bi hanyar Sabuwa a wancan zamani ba bai san abin da ake kira hanya ba. Ramuka ne aka jera, aka bar ɗan tsakani don mota ta huta. Daji ne ta ko'ina, itatuwa sun haɗe sama. Aikina shi ne in hau can ƙololuwar kaya in zauna, in mota ta zo hawa ta fara tari in diro da weji, wato guntun gungumen da ake cusa wa taya kada ta koma baya. Sai ɗebo ruwan da ake zuba wa inji, sai tura mota, sai shan zagi. Kawu mutum ne mai fara'a a gida, amma da ya riƙe sitiyari sai ya koma wani abu dabam.

"Kai ɗan boko! Weji!"

"Ga shi nan, Kawu!"

"Ga shi nan a zuci, ko ga shi nan a taya?"

Labarin ya riga ni isa, ke nan. Duk tashar da muka tsaya sai ya nuna ni ya ce ga ɗan yayarsa mai karatu ba baki. Masu shayi su ce in ɗan yi musu kaɗan su gani. In na yi shiru don haushi, su ce, "Af, ya fara!"

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a saman buhunan nan dabarar Malam ta fi yi mini amfani. Mota na tsalle ba ka iya bin layi da ido, sai dai in an tsaya lodi ka saci ɗan sakin layi, ka mayar da littafi riga. Daga nan har tasha ta gaba ba ka da abin yi sai juya shi a kai. In tambayi kaina, in amsa, in ƙaryata kaina, in jira a tsaya in duba wa ya yi gaskiya. Littafin nan ɗaya na bi shi gaba da baya har ya zama ko an jefa shi rijiya ba a rage ni da komai ba. Amma me zai yi mini? Ranar jarrabawa na matsowa, ni ina saman dawa a dajin Sabuwa.

Sai ranar da mota ta koma da baya. Mun ɗauko itace, muka zo wani dogon hawa, mota ta yi tari ta mutu. Kawu ya rantse ya kira weji har sau ba adadi. Ni dai ban ji ba, kuma har gobe ina cewa birkinsa ne ba shi da kyau, domin motar da sai an bi ta da gungume ai ba a ce tana da birki ba. Ta gangara a hankali, kamar mai neman wurin zama, ta je ta jingina da wani gawo ta karkace. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Itace dai ya watse, muka wuni muna tsinta. Da Kawu ya zagayo ya same ni zaune a kan abin da ya rage na lodi, ya ce me nake yi da ban ji kira ba. Na ce ina tuna sunayen tekuna ne. Karo na farko ke nan da na ga zagi ya ƙare masa.

Bai ko sauke itacen a Funtuwa ba, sai da ya fara biyawa ta ƙauyenmu ya sauke ni a ƙofar zaure.

"Yaya, ga ɗanka," ya ce wa Baba. "Na yafe."

"Mi ya yi?"

"Ba ya yin komai, shi ne matsalar. Yaron ga ba shi da amfani a mota, kuma yadda na gan shi ba zai yi amfani a gona ba. In ka ba shi shanu zai tsaya tuna teku su shiga gonar mutane. Ka maida shi makarantar, can ne ake tara irinsu."

Baba ya dube ni. Ya ce, "To. Tunda ba ka iya komai, sai ka koma."

Jama'a, ku ji fa yadda na koma makaranta. Ba wanda ya ce ashe yaron nan karatu yake yi. An gwada ni a ko'ina an ga ban da amfani, sai aka mayar da ni boko kamar yadda ake mayar da ƙwarya mai tsaga wajen zuba dusa. Malam, don a faɗi gaskiya, bai cire sunana daga cikin masu jarrabawa ba. Da ya gan ni ya ce, "Ka dawo?" Na ce na dawo. Ya ɗauko littafi ya yi mini tambayoyi, ya ga ban zubar da komai ba, sai ya juya ya ce wa aji, "Kun ga amfanin abin da nake gaya muku." Ko sannu da hanya bai yi mini ba.

A Ƙanƙara muka zana jarrabawar. Muka tafi a bayan wata motar auduga, kowa da ɗan ƙunshin ƙosai da fensir biyu. Da aka raba takardu na duba, sai na ji kamar ina saman buhu ne an tsaya lodi: tambaya ce, ba littafi, sai abin da ke kai. Abin da na yi ta yi ke nan wata da watanni. Na rubuta har yatsana ya yi kanta.

Sakamako ya fito bayan an yi shuka. Hedimasta da kansa ya zo gidanmu a kan keke ya ce na ci, an ba ni makarantar kwana. Zaure ya cika da masu barka. Ina daga soro ina leƙe, ina jira a ce wani abu, ko kalma ɗaya, game da gindin ɗorawa da gonar auduga da hayaƙin da na sha a banza. Wani dattijo ya dubi Baba ya ce, "Maigida, ka yi ƙoƙari da yaron ga."

Baba ya ce, "Wane ni. Wannan yin Allah ne kawai. Ni dai tunda nake ban taɓa jin ya yi karatun kirki ba, in ban da 'yan kwanaki da na matsa mishi."

Kowa ya ce ƙwarai, rabo ne. Wani ya ce ai 'yan kwanakin nan su ne suka cece shi. Aka shafa fatiha a kan haka.

Ranar tafiya Baba ya raka ni bakin hanya, ya ɗauki akwatina na kwano a kansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Muka tsaya jiran mota. Da ta taho ya sauke akwatin, ya kama kafaɗata, ya sunkuyo kamar zai ba ni wani sirri.

"Ka ga wannan karon Allah Ya rufa asiri," in ji shi. "Can ba gida ba ne, ba wanda ya san ka. Don Allah in ka je, ka riƙa ɗaga murya."

Na ce to, Baba. Na hau mota.